Takalmin Bacal Shidi

Da hantsi aka aiko wa Laung Khoso da babur. Ɗan sandan da ya zo ko sauka bai yi ba, ya ce Sufeto Imdad na nemansa a bakin magudanar ruwa ta ƙauyen Got Allahdino. An kashe ɓarawo, ana so ya zo ya tabbatar ɓarawo ne.

Shekara talatin da ɗaya Laung ya yi yana bi wa 'yan sanda sawu, sana'ar da ya gada wurin ubansa. A wannan yanki na Sindh, in mai bin sawu ya ce ƙafar wane ce, alƙali rubutawa yake yi. Laung bai taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba. Abin da ya ƙware a kai shi ne yin shiru kan abin da ba a tambaye shi ba, kuma da wannan ilimi na biyu ya aurar da 'ya'yansa huɗu.

Ya tarar da Sufeto a tsaye a kan gaɓa, wani kurtu na riƙe masa lema.

"Ka zo, tsoho. Aikin ba shi da yawa," in ji Sufeto. "Jiya an sace ɓaunar kiwo daga garken Rais Karamullah, babban mai gonakin nan. Da asuba muka ci karo da ɓarayin, su biyu. Suka faɗa gona da gudu suna harbinmu, muka mayar. Bacal Shidi ya faɗi can. Ƙaninsa Sajan ya tsere, mun ɗauko shi a gida. Ka duba sawun, ka dangwala yatsa a takarda. Majistare zai zo da la'asar."

"Sajan ɗin fa, Sa'in?" in ji Laung, da kalmar da ake girmama manya da ita a nan.

"Gobe za a wuce da shi Hyderabad."

Laung ya san hanyar Hyderabad. Doguwa ce, kuma waɗanda ake tuhuma suna da wata ɗabi'a ta yunƙurin gudu a cikinta, ko da ankwa a hannu da mari a ƙafa. Kaɗan ne daga cikinsu ke isa.

Ya sauka gonar da sandarsa. An huɗe ta, ba a shuka ba, ƙasa mai laushi irin wadda ba ta ɓoye komai. Sawun a fili yake: takalmi mai ƙasan taya, da gudu, daga gaɓa zuwa inda jini ya bushe. A gefensa takalman gwamnati sun tattake ko'ina. Laung ya tsuguna. Bayan kowane taku akwai wani siririn zane, kamar an ja tsinke. Takun kuma gajere ne, na mutumin da bai kai Laung tsawo ba. Bacal Shidi kuwa kowa ya san shi a filin kokawa, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

"Na mutum ɗaya nake gani, Sa'in. Ina na biyun?"

"Ta kan ciyawa ya bi."

"Babu ciyawa."

"To ta sama ya bi. Kai mai bin sawu ne ko lauya?"

Laung ya ce sai ya bi sawun ɓaunar tukuna, don aiki ya cika. Sufeto ya ce ya bi har na kaza in ya ga dama, amma yatsansa ya kasance a kan takarda kafin rana ta faɗi.

*

Babbar hanya a rufe take. Shidawan Got Allahdino sun ɗauko gawar a kan gadon igiya, sun ajiye ta a tsakiyar kwalta, sun kafa rumfa, sun jera manyan ƙanƙara a ƙarƙashin gadon. Sun ce ba za su binne ba sai an sako Sajan. Kakanninsu a jirgin ruwa aka kawo su daga gaɓar Afirka ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sun yi wa ƙasar nan noma, sun yi mata yaƙi, amma har yau in ɗayansu ya shiga motar haya sai an sami mai tambayarsa daga wace ƙasa ya zo.

Motocin tumatir masu zuwa Karachi sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu. A rumfar mai shayi, inda direbobi da mutanen gari suka taru, an riga an gama shari'ar sau uku.

"Barin gawa a rana haramun ne," in ji wani mai shagon taki. "Amma mutanen nan ganga da rawa kawai suka sani."

"Kashe ta fa, halal ne?" in ji wani direba.

"Ni ban ce ba. Yaron kirki ne, wallahi. Baƙi ne, amma zuciyarsa fara ƙal."

"Rais ne ya sa," in ji mai shayi, ya rage murya yadda duk rumfar za ta ji. "Kun manta bikin bara? Bacal ya kayar da ɗan kokawar Rais a gaban baƙi daga Badin. Manya ba sa mantuwa."

"Ni dai a buɗe hanya," in ji wani direban. "Tumatirina ya fara tsami."

Laung ya lura tausayin marigayin yana ƙaruwa daidai da yadda tumatir ke laushi. Zuwa azahar, in rana ta ci gaba haka, Bacal zai zama shahidi a bakin kowane direba.

A kan gawar yayar marigayin ce ke zaune, Zulekhan, malamar makarantar 'yan mata. Ba ta kuka. Ta dube shi tun daga rawani har ƙafa.

"Ga karen farautar hukuma nan. Kawu Laung, ka zo ka ƙirga mu ne?"

"Na zo in ga ƙafarsa, 'yata."

"Ƙafarsa. Ƙirjinsa fa, ba ka so? Huda biyu ne, duk ta gaba. Ƙanina ya iya abubuwa da yawa, amma ban san ya iya gudu da baya ba."

Duk da haka ta ɗaga mayafin. Takalmin na ƙafarsa yadda 'yan sanda suka kawo shi, mai ƙasan taya, madaurin dunduniya a kwance yana lilo. Laung ya gane tsinken da ya yi zane a gona.

"Haka yake sa shi?"

"Bacal? Mutumin da ko masallaci ya fito sai ya tsuguna ya ɗaure, jama'a na jiran sa a ƙofa? Da asuba ya fita da amalanken jaki zai kai tumatir kasuwa. Jakin ya dawo gida shi kaɗai da kayan. Ka taɓa ganin wanda ya tafi satar ɓauna da kwando goma sha biyu na tumatir?"

"Sajan fa?"

"Yana kwance da zazzaɓi suka fasa ƙofa." Ta mayar da mayafin, ta gyara shi a hankali. "Kawu, mun san ka. Ba ka ƙarya, sai dai ka bari a yi ta a gabanka. Yau in ka yi shiru, gawa biyu za mu jera a nan. Ƙanƙara ba ta ƙare ba."

Laung ya nemi kuskure a maganar, bai samu ba.

*

Sawun ɓauna bai wahalar da shi ba. Ta fita daga garken Rais ta ƙofar baya, a natse, wani na tafe a gefenta ba takalmi. Dabbar da aka sace takan yi turjiya, takan waiwaya. Wannan tafiya take kamar za ta biki. Sawun ya doshi unguwar Shidawa, sai kuma ya karkata kafin gidajen, ya bi gefen gonar rake, ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar wani mai gona da suka yi shekara tara ba sa gaisawa da Rais.

Can ya same ta a inuwar mangwaro tana tuƙa, kusa da wani ƙaton namiji. Makiyayin Rais, wani dattijo mai suna Haroon, na zaune ya rafka tagumi.

"Don Allah ka rufa min asiri, ɗan'uwana Laung. Lokacinta ne ya yi, namijinmu kuma ya tsufa, kallo kawai yake. Na ce in kawo ta a ɓoye in mayar kafin gari ya waye. Sai ta ƙi tafiya."

"Shi ya sa ka ce an sace?"

"Ni ban ce ba. Rais ya ga babu ita ya kira 'yan sanda. In fito in ce jikokin garkensa jinin maƙiyinsa ne?"

"An kashe mutum a kan wannan soyayyar, Haroon."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Laung ya ce ya ja ta zuwa hubbaren waliyyin gari kafin la'asar, in ba haka ba shi zai kawo Rais nan da kansa.

Babu sata ke nan, kuma babu hannun Rais, duk da mai shayi zai ji haushin haka. Amma wannan bai isa ya fitar da Sajan ba. Sufeto zai ce ko ba ɓauna sun yi harbi, ga sawun gudu. Laung ya san wani ne ya sa takalmin mamacin ya yi gudun, ya mayar masa a ƙafa. Sai dai takalmi ba ya faɗin sunan wanda ya are shi.

Ya koma magudanar da azahar. Kurtun da aka bari gadi ya tafi cin abinci, kamar yadda ake sa rai. A kan gaɓa Laung ya sami inda amalanke ya tsaya, da inda aka watsa ƙasa a kan wani abu mai duhu. A nan aka harbi Bacal, aka ɗauke shi zuwa gona. Ya bi gaɓar a hankali yana duban gangaren ruwa. Bayan taku talatin ya tsaya.

Wani ya gangara nan ya zauna a kan dutse. Takalman gwamnati biyu an ajiye su gefe, sun bar shaida a jere. A cikin laka kuwa, a bakin ruwa, ga ƙafa tsirara, dama da hagu, sau da yawa, da ramukan da aka kwashi taɓo aka cuɗa. Ba alwala ba ce, mai alwala ba ya dirzar ƙafa da laka har ƙauri. Guda ɗaya ta fito tsaf kamar an zana: ƙafar dama, shimfiɗaɗɗiya, yatsa na biyu ya hau kan babban yatsa.

Laung ya daɗe a tsugune. Da mutumin ya cire takalmin Bacal ya mayar da nasa, da shi ke nan. Ya ɗauki gawa, ya yi gudun ƙarya, duk bai dame shi ba. Abin da ya kasa jurewa shi ne ya mayar da ƙafar da ta shiga takalmin baƙin mutum cikin nasa ba tare da ya wanke ba. Ko madaurin ma bai iya ɗaurewa ba, don kada ya taɓa da hannu.

Ya aro kasko a wata bukka, ya kifa a kan sawun, ya rufe gefensa da ƙasa. Sannan ya koma wurin Zulekhan.

"In majistare ya zo, kada ki yarda a zauna a ofis. Ki ce a hubbare, bayan sallar la'asar."

"Don me?"

"Ki dai ce."

"Kawu, in wasa za ka yi da mu, da hannuna zan ɗora ka a gadon nan."

*

Majistare Abro matashi ne mai tabarau, an turo shi ya buɗe hanya, ba ya nemo gaskiya ba, amma ba ya ƙin ta in ta zo da kanta. Ya yarda da hubbaren. Kamar kullum, mai kula da wurin ya share tsakar fili ya yayyafa ruwa. Laung ya roƙe shi ya ƙara guga biyu tsakanin famfo da tabarmi.

A hubbare babu mai shiga da takalmi. Da aka kira salla majistare ya naɗe hannun riga ya nufi famfo, nan take tsoron Allah ya sauko wa rundunar 'yan sanda gaba ɗaya. Mutum shida suka yi layin alwala, har da waɗanda rabon su da sujada tun Idi. Sufeto ne kawai ya yi shafa a kan safa. Laung ya tsaya a jikin bango yana kallon ƙasa.

Bayan sallama aka zauna. Shidawa a gefe guda, Zulekhan a gabansu. Mutanen gari da direbobi sun cika ƙofa. Rais Karamullah na kan kujera ɗaya tilo da ke wurin. Sufeto ya miƙa wa Laung takarda da tawada.

"Mai bin sawu ya duba, Sa'in. Zai tabbatar."

"Ɓauna tana waje a ɗaure," in ji Laung. "Ba a sace ta ba. Wurin namiji ta je. Haroon zai yi wa Rais bayani in an watse, gara a keɓe."

Aka yi dariya a bakin ƙofa. Rais bai yi ba.

"Wannan bai hana sun yi harbi sun gudu ba," in ji Sufeto.

"Mutum ɗaya ne ya yi gudu, Sa'in, kuma ba Bacal ba ne. Takalminsa ne dai. Wanda ya sa shi gajere ne, bai ɗaure madauri ba. Da ya gama ya je ya wanke ƙafa."

Ya tashi ya nufi famfo, ya zagaye wani sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasar da bakin sandarsa, mai yatsa na biyu a kan babba, ya roƙi majistare ya zo ya gani. Sannan ya ce a bi shi. Magudanar ba nisa. Duk taron ya bi shi a ƙafa, majistare na tattare wando. Laung ya ɗaga kaskon. Majistare ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya daɗe yana duba.

"'Yan sanda su cire takalma," in ji shi.

"Sa'in, wannan cin mutuncin hukuma ne," in ji Sufeto. "A gaban waɗannan?"

"A gabanmu," in ji Zulekhan. "Mun ga ƙafa a rayuwarmu, Sufeto. Ba za mu suma ba."

Biyar suka cire. Na shida, Kofur Niyaz, gajere mai gashin baki, ya tsaya yana kokawa da igiyar takalminsa kamar yau ya fara ganin ta. Da ta kwance, yatsa na biyu na zaune a kan babban yatsa, kowa na kallo.

"Ni takalmi kawai na sa," in ji shi. "Ban harbi kowa ba. An ce ya sauko daga amalanke, ya ce me ya yi. Sau biyu ya tambaya. Ni umarni aka ba ni, na ce ma a ba wani, ni ban saba sa kayan irinsu ba."

"Wa ya ba ka umarnin?"

Idon Niyaz ya je kan Sufeto, idon taron ya bi shi.

Sufeto ya matso kusa da Laung, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Daga yau ko sawun akuya ba za ka ƙara bi ba a gundumar nan."

"Gwiwoyina sun daɗe suna roƙon haka, Sa'in."

Bai ji daɗin da ya zata zai ji ba. Tunaninsa na kan wasu gonaki, a wasu shekaru, inda ba a tambaye shi ba.

*

Kafin magariba aka kawo Sajan a bayan motar 'yan sanda, yana rawar zazzaɓi, leɓensa a fashe. Ya sauka da kansa, ya ƙi hannun kurtun da ya miƙo. Majistare ya tsaya a gaban rumfar ya yi jawabi: an tsare Kofur Niyaz, Sufeto kuwa za a kafa kwamiti ya duba lamarinsa cikin natsuwa. Kowa a wurin ya san kwamiti. Wanda aka kafa kan ambaliyar shekaru goma da suka wuce har yanzu yana cikin natsuwa.

"Mun cika alkawari," in ji majistare. "A yi wa mamaci sutura, a buɗe hanya."

Maza suka ɗauki Bacal, aka yi masa wanka a gidan da ke kusa, aka sallace shi a gefen kwalta. Sajan ya kama kusurwar gaba ta makara. Laung ya tsaya nesa, sai wani dattijon Shidi ya matsa ya bar masa wuri ba tare da ya dube shi ba, ya sa kafaɗa. Direbobi da yawa suka bi sahu, wasu don Allah, wasu don a gama da wuri. Masu jira suka tayar da injuna.

Laung ya waiwaya daga bakin gona. Matan ba su tashi ba. Sun fi ɗari, a zaune a kan kwalta, wasu ma sun fara kunna murhu. Majistare na tsaye a kan Zulekhan yana nuna agogo.

"Malama, kun ce in an sako shi za ku binne."

"Ga shi can ana binnewa, Sa'in. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, kai ma ka sani." Ta gyara zama, ta jawo tabarma ta shimfiɗa a gefenta. "Ka kawo takardar tuhuma da sunan Imdad a kai, ka karanta mana da ƙarfi. In ka gaji da tsayuwa, ga wuri."

Direban motar farko ya leƙo ta taga, ya dubi matan, ya dubi majistare. Ya kashe injinsa. Na bayansa ma ya kashe.